Inuwa a hoton ƙirjin jaririna: mu yi siti sikan ko mu dakata?

Uwar Biyu, Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, musamman likitocinmu da ma'aikatan jinya. Ina neman shawara a kan ɗana mai wata bakwai. Tun shigowar hunturu yake fama da tari da mura, da zazzaɓi ya haɗu da su har kwana huɗu sai muka kai shi wani asibiti mai zaman kansa, aka ce a yi masa hoton ƙirji. Wanda ya duba hoton ya nuna mini wata farar inuwa mai kusurwa uku a gefen dama, sama da zuciya, ya ce bai gamsu da ita ba, yana tsoron ko ƙari ne, don haka mu je a yi siti sikan, wato hoton nan na babbar na'ura mai leƙa cikin jiki. Zazzaɓin ya sauka tun shekaranjiya, yaron yana shan nono, yana wasa, yana barcinsa lafiya lau, amma ni da mahaifinsa ba mu runtsa ba tun ranar da muka ji kalmar ƙari. A jikin takardar an rubuta wata kalma da ƙanena ya karanta mini, wai haifafilasiya ta taimus, aka kuma sa mata alamar tambaya. Mene ne wannan, kuma mu nemo kuɗin siti sikan ɗin ne, ko akwai abin da ya kamata a fara yi?

Likitan Hoto:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya, ya kwantar muku da hankali. Hukunci na ƙarshe yana hannun wanda ya riƙe hoton ya kuma ga yaron da idonsa, amma siffar da kika bayar sananniya ce ga duk wanda ya daɗe yana duba ƙirjin jarirai. Taimus wani tattausan nama ne da ke bayan ƙashin ƙirji, a gaban manyan jijiyoyin da ke fitowa daga zuciya, kuma a cikinsa ne wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini yake samun horo kafin ya fita aikin kare jiki. A jikin jariri yana da girma ƙwarai idan aka gwada shi da faɗin ƙirjin, shi ya sa yake fitowa ɓaro-ɓaro a hoto har yaro ya kai shekara biyu ko uku, kuma sai bayan balaga yake fara motsewa, kitse ya maye gurbinsa. Inuwa mai kusurwa uku a dama, wadda ƙasanta yake a miƙe kamar an ja layi, tana cikin kamannin da lafiyayyen taimus ya fi fitowa da su.

Ita kuwa kalmar da ta tayar miki da hankali, ma'anarta ita ce ƙwayoyin halittar wata gaɓa sun ƙaru a yawa har gaɓar ta yi girma, alhali kowace ƙwaya tana nan a kan siffarta da tsarinta. Kamar gida ne da iyali suka ƙaru aka ƙara ɗakuna, amma har yanzu maigida ake yi wa biyayya. Ciwon daji kuwa ƙwayoyin ne suka daina jin umarni, suna hayayyafa ba tsayawa, suna kutsawa gidan maƙwabta. Taimus yana da wata ɗabi'a da ta sa ake yawan rubuta masa wannan kalma: idan yaro ya yi ciwo mai tsanani, ko tamowa, ko aka ba shi magungunan sitiroyid, yakan motse cikin 'yan kwanaki, idan yaron ya murmure sai ya dawo, wani lokaci ma ya zarce girmansa na da.

Shawarata ita ce a fara yin sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, a wurin wanda ya saba da yara. Ƙasusuwan ƙirjin jariri ba su gama tauri ba, saboda haka ana ganin taimus sosai ta saman ƙashin ƙirji da tsakanin haƙarƙari. Lafiyayyensa yana fitowa bai ɗaya, da ɗige-ɗige farare a cikinsa, yana lulluɓe jijiyoyi ba tare da ya matse su ba, kuma siffarsa tana sauyawa da numfashin yaro saboda taushinsa. Ƙari ba ya yin haka, yakan tsaya ƙiƙam ya ture abin da ke kusa da shi.

Baban Auta, Tsohuwar Kasuwa:
Likita, ranka ya daɗe, ba don raina iliminka ba, amma ni ban goyi bayan a dakata ba, kuma ina da dalili. Ɗan yayana yana da shekara goma sha ɗaya aka ga irin wannan inuwa a ƙirjinsa, wani ma'aikacin lafiya ya ce ba komai ba ne, sanyi ne, ya ba shi allurai da ƙwayoyi. Yaron ya ji sauƙi kamar an cire ƙaya, bayan mako uku fuskarsa ta fara kumbura da safe, ya kasa kwanciya rigingine, sai a zaune yake barci. Da aka kai shi babban asibiti aka yi siti sikan ɗin nan aka ce sankara ce, kuma an makara. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Idan akwai na'urar da ta fi gani, me zai hana a je mata kai tsaye a huta da fargaba?

Likitan Hoto:
Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri, Alhaji. Labarin da ka bayar ya dace a karanta shi da kyau, domin shi ne ɗaya gefen maganar, kuma da irin wannan yaron aka kawo mini da ban ce a dakata ko na yini ɗaya ba. Bambancin farko shi ne shekaru. A jariri mai wata bakwai babban taimus shi ne abin da ake sa ran gani, amma a yaro mai shekara goma sha ɗaya faffaɗar inuwa a tsakiyar ƙirji abin tuhuma ce har sai an wanke ta, domin a wannan wuri ne sankarar kaluluwa da wani nau'in sankarar jini suke son zama, kuma tarin fuka ma yana kumbura kaluluwar wurin. Bambanci na biyu shi ne halin yaron. Kumburin fuska, kasa kwanciya rigingine, rama, gumin dare, zazzaɓin da ya ƙi sauka, ɗashewar jiki, kaluluwa masu tauri a wuya, kowanne daga cikinsu yana sauya hukunci. Ɗan Hajiya yana shan nono yana wasa. Inuwa ɗaya ce a ido, amma shekarun mai ita da halinsa su ne ke fassara ta, kuma wannan ne dalilin da ya sa muke fushi idan aka aiko mana takardar neman hoto babu shekarun yaro, babu bayanin ciwonsa.

Likitar Yara:
Ina so in tsaya a kan wata gaɓa a labarin Alhaji, wato sauƙin da yaron ya samu bayan allurai. Magungunan sitiroyid, irin su deksametason da firednisolon waɗanda ake saya a kemis kamar alewa, suna narkar da sankarar kaluluwa na ɗan lokaci. Yaro zai ji daɗi, inuwar ta ragu a hoto, kowa ya yi hamdala, daga baya ciwon ya dawo, kuma idan aka tsinko nama domin gwaji sai sakamakon ya rikice saboda maganin ya ɓata kamannin ƙwayoyin. Don haka duk yaron da aka ga inuwa a ƙirjinsa, kada a ba shi waɗannan magunguna kafin a san abin da ke ciki. Haka nan yaron da ƙari ya danne masa hanyar iska, kwantar da shi a ba shi maganin barci domin ɗaukar hoto yana iya toshe numfashinsa gaba ɗaya, shi ya sa irin wannan hoton ba a yin sa sai inda akwai masu iya ceto.

Ɗalibin Likitanci, Runjin Sambo:
Da izinin malamaina, akwai wani tarihi da aka koya mana wanda ya shafi tambayar Baba kai tsaye. A shekarar 1889 wani likita mai suna Paltauf a Biyana, babban birnin Ostiriya, ya danganta mutuwar fuju'a ta jarirai da girman taimus, kuma maganar ta karɓu. Kuskuren ya samo asali ne daga ma'aunin da aka yi amfani da shi, domin gawarwakin yaran da aka saba dubawa na waɗanda doguwar jinya da yunwa suka kashe ne, taimus ɗinsu ya riga ya motse, sai aka ɗauka wannan ƙaramin shi ne daidai. Da aka ga na yaran da suka mutu farat ɗaya suna da ƙoshin jiki, sai aka ce ya kumbura. A kan wannan fahimta aka riƙa haska wa dubban lafiyayyun jarirai hasken eksire a ƙirji domin a rage musu shi, musamman a Amurka, tun farkon ƙarni na 20 har cikin shekarun 1950. A 1950 ne Duffy da Fitzgerald suka ja hankali cewa da yawa daga yaran da suke gani da sankarar tayirod, wato gaɓar nan ta gaban wuya, an taɓa yi musu wannan haskawa, kuma bibiyar da aka yi daga baya ta tabbatar da alaƙar. Sai a 1961 Jacques Miller ya gano a Ingila cewa wannan naman da ake ƙonawa ginshiƙi ne na garkuwar jiki.

Mai Ɗaukar Hoto, Arkilla:
Ni aikina ɗaukar hoton ne, fassara ta likita ce, amma zan faɗi abin da nake gani kullum a bakin na'ura. Jariri ba ya jin "ja numfashi ka riƙe". Idan aka danna a lokacin da ya fitar da iska, ko ya karkace kaɗan yana kuka a hannun uwarsa, tsakiyar ƙirjin sai ta fito da faɗi fiye da gaskiyarta, har zuciyar ma ta yi kamar ta kumbura. Hotuna da yawa da suka hana iyaye barci, laifin tsayuwa ne da lokacin dannawa. Ina kuma roƙon jama'a su daina ɗaga hoto a jikin taga su ɗauka da waya su turo a nemi hukunci, domin rabin bayanin yana ɓacewa a hanya.

Game da haske, sikanin sauti yake amfani da shi, babu hasken eksire a cikinsa ko kaɗan, haka ma em-ar-ai, wanda maganaɗisu ne. Hoton ƙirji guda ɗaya haskensa kaɗan ne, bai wuce abin da mutum ke samu daga ƙasa da sararin sama cikin 'yan kwanaki ba. Siti sikan kuwa hotunan eksire ne masu yawa da ake ɗauka a zagaye, haskensa yakan ninka na hoton ƙirji sau gommai, wani lokaci fiye da ɗari, musamman idan ba a rage ƙarfin na'urar zuwa ma'aunin yara ba.

Baban Auta, Tsohuwar Kasuwa:
To yanzu kun sa ni cikin wata damuwar. Autana ya faɗo daga babur bara, aka yi masa siti sikan na kai. Kuna nufin na jawo masa ciwo da kuɗina?

Likitar Yara:
A'a Alhaji, ka kwantar da hankalinka. Babban binciken da aka yi a Birtaniya aka buga a mujallar Lancet a 2012 ya nuna akwai ƙarin haɗari, amma ƙiyasinsa shi ne kimanin ƙarin mutum ɗaya mai sankarar jini da ɗaya mai ƙari a ƙwaƙwalwa a cikin yara 10,000 'yan ƙasa da shekara goma da aka yi wa siti sikan na kai, a shekaru goma da suka biyo baya. Yaron da ya bugu a kai ana tsoron jini ya taru masa, amfanin hoton ya rinjayi wannan nesa ba kusa ba. Abin da muke ƙi shi ne a ɗora wa lafiyayyen jariri wannan ɗan haɗarin, da maganin barci, da kuɗin da iyayensa za su ciwo bashi, a kan tambayar da sikanin zai amsa cikin minti goma.

Malamin Firamare, Boɗinga:
Tunda ana maganar naman da ke girma a jikin yara, ina da tambaya a kan 'yata mai shekara biyar. Kullum bakinta a buɗe yake, tana minshari kamar babban mutum, wani lokaci numfashin ya ɗauke sai ta zabura, kuma malamarta ta ce sai an maimaita mata magana. Mahaifiyata ta ce belu ne ya sake tsirowa, a kira wanzami. Wani kuma ya ce a yi hoton wuya. Wanne ne daidai?

Inna, Kanwuri:
Malam, ka gaida mahaifiyarka, domin abin da muka taso muka tarar ke nan. 'Ya'yana takwas duk an cire musu belu kafin suna, kuma ga su nan da ransu. Sai dai ba zan ɓoye ba, jikata ɗaya an cire mata har sau biyu, minsharin bai daina ba sai da aka yi mata aiki a asibiti. Likitoci su yi mana bayani, mu ma mu ƙaru, tsufa ba ya hana neman sani.

Likitar Yara:
Inna, Allah ya ƙara girma, labarin jikarki ya riga ya ba da rabin amsar. Belu shi ne ɗan naman da ke reto a ƙarshen ganɗa, wanda kowa ke gani idan yaro ya buɗe baki. Wanda ke toshe hancin 'yar Malam kuwa, bisa alamomin da ya lissafa, ya fi kama da wani naman daban da ake kira adinoyid, wanda ke can sama a bayan hanci inda ido ba ya kaiwa, aska ma ba ta kaiwa. Shi ma dangin kaluluwa ne, yana girma ne saboda yawan haɗuwa da ƙwayoyin cuta da ƙura, ya fi girma a shekarun nan na shiga makaranta, sannan ya ja baya wajen balaga. Idan ya cika wuri yakan toshe ɗan bututun da ya haɗa bayan hanci da kunne, ruwa ya taru a bayan dodon kunne, ji ya ragu, wanda shi ne abin da malamarta ta lura da shi. Yanke belu ba ya taɓa wannan ko kaɗan, sai dai ya jawo zubar jini, ko tetanas, ko ciwon hanta idan aska ta bi yara da yawa. Ɗaukewar numfashi a barci ba abin jira ba ne, Malam, ka kai ta wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

Likitan Hoto:
Hoton da aka ambata maka na gefen wuya ne, wanda ke nuna naman da kuma hanyar iskar da ta rage. Muna auna kaurin naman mu raba da faɗin wurin, bisa hanyar da Fujioka da abokan aikinsa suka bayyana a 1979, idan ya haura 0.8 sai mu ce ya yi girma. Amma wannan hoton ma yana yaudara idan yarinya tana haɗiyar miyau ko tana kuka lokacin ɗauka, kuma inda akwai siririn bututu mai kyamara da ake zurawa ta hanci, shi ya fi nuna gaskiya, babu kuma haske a ciki. Ka bari likitan ya zaɓa bayan ya duba ta, kada ka je da hoto a hannu tun kafin a nema.

Ungozoma, Wurno:
Likitoci, ku gafarce ni zan shigo da wata matsala mai gaggawa, domin na taɓa jin wannan kalma ta haifafilasiya a kan irinta. Kwana biyar da suka wuce na karɓi haihuwa, al'aurar jaririn ba ta fito sarai ba, ta fi kama da ta namiji amma na lalluba ban ji 'ya'yan maraina ba, kuma fatar wurin ta yi baƙi sosai. Iyayen ɗan wa da 'yar ƙane ne, kuma sun taɓa rasa ɗa namiji yana da mako uku bayan amai da ya ƙi tsayawa. Dangi sun riga sun sayi rago, jibi za a raɗa sunan namiji. Me zan gaya musu?

Likitar Yara:
Yaya, ki gaya musu su taho Sakkwato yau, kada su jira suna, su nufi sashen jarirai na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Duk abin da kika lissafa yana nuni ga ciwon da ake haihuwar yaro da shi na girman adirenal, wasu ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda. Aikinsu sarrafa sinadarin kotisol, mai taimaka wa jiki jure ciwo da wahala, da wanda ke riƙe gishiri a jiki. A fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu ciwon, wani sinadari guda ne da ake kira 21-haidiroksiles ya yi ƙaranci, sai kotisol ya kasa samuwa, ƙwaƙwalwa ta yi ta aiko da umarnin a ƙara aiki, gaɓar ta yi ta girma, kayan aikin da suka taru kuma su karkata zuwa sinadarin maza. Shi ya sa 'ya mace take fitowa da al'aura mai kama da ta namiji alhali mahaifarta tana nan lafiya a ciki. Namiji kuwa ba a ganin komai a jikinsa, sai a mako na biyu ko na uku ya fara amai, gishirin jikinsa ya zube, fotasiyam ya hau, ya tafi ba a san dalili ba, kuma ina zargin abin da ya sami ɗansu na farko ke nan. Gadonsa irin na sikila ne, uwa da uba kowa yana ɗauke da rabi ba tare da ya sani ba, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu, kuma auren zumunci yana ƙara yiwuwar haɗuwar masu ɗauke da shi. Wannan jaririn yana gab da shiga kwanakin haɗarin. Maganin yana nan, haidirokotison da fuludirokotison da ɗan gishiri bisa awo, kuma yaran da aka kama da wuri suna girma su yi karatu su yi aure.

Likitan Hoto:
A nan sikanin yana aiki biyu a zama ɗaya. Na farko a duba bayan mafitsara a nemi mahaifa, kuma an yi sa'a a kwanakin farko na haihuwa tana da girma saboda sinadaran uwa da ba su gama fita ba, don haka ganinta ba ya wuya. A kuma bi matsematsi a nemi 'ya'yan maraina. Na biyu a duba adirenal ɗin. Ko a lafiyayyen jariri suna da girma, kusan kashi ɗaya bisa uku na ƙoda, amma a wannan ciwon sukan ƙara kauri da tsawo, gefensu ya yi lanƙwashe-lanƙwashe kamar bayan ƙwaƙwalwa. Sai dai a nan hoto mai taimako ne kawai, rashin ganin girman bai kore ciwon ba. Gwajin jini ne ke yanke hukunci, wato sodiyam da fotasiyam da sukari nan take, sai sinadarin 17-haidiroksifirojestaron da gwajin ƙwayoyin gado da ke tantance jinsi. Nan gaba kuma za a riƙa ɗaukar hoton hannun hagu da wuyan hannu lokaci-lokaci domin a ga ko ƙashi yana tsere wa shekaru, abin da ke nuna maganin bai isa ba.

Nas, Gawon Nama:
Ƙari a kan maganar amai, domin kada iyaye su ɗauka duk amai ɗaya ne. Akwai jaririn da ke feso nono da ƙarfi tsakanin mako biyu zuwa takwas, ya gama ya sake neman nono da yunwa, wannan sau da yawa tsokar mafitar ciki ce ta yi kauri, sikanin yana auna ta, kuma ƙaramin aiki ne ke gyara ta. Wanda ya fi ci mini rai shi ne yaro mai wata shida ko tara da ke ƙwalla ƙara yana naɗe ƙafafu, ya yi shiru, ya sake, daga baya ya yi kashin jini da majina. A gida sai a ce atini ne ko haƙori, a yi kwana uku ana ba shi magani. Alhali kaluluwar bangon hanji ce ta kumbura bayan wata 'yar mura ko gudawa, ta ja hanji ya shige cikin hanji. A sikanin yana fitowa zobe cikin zobe, kuma idan an zo da wuri ana iya warware shi da ruwa ko iska ta dubura ba tare da an yanka ba. Idan aka kwana biyu ko uku, sai hanjin ya mutu a yanke shi.

Uwar Biyu, Mabera:
Assalamu alaikum. Na dawo da bayani bayan kwana uku, kamar yadda wasunku suka nema. Mun sami likitan hoto ya sake duba na farkon, ya ce yaron ya ɗan karkace lokacin ɗauka, sannan ya yi sikanin ɗin da kansa ina riƙe da shi yana shan nono. Ya juyo mini allon ya nuna mini naman yana motsi da numfashinsa, jijiyoyin suna wucewa abinsu, ya ce taimus ne lafiyayye, babu buƙatar siti sikan, babu buƙatar magani. Ya ce mu dawo idan numfashi ya sauya, ko zazzaɓi ya dawo ya ƙi sauka, ko ya daina ƙara nauyi. Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Alhaji, kai ma na gode, domin labarinka ne ya sa na tsaya na tambayi likitan alamomin haɗari ɗaya bayan ɗaya har ya rubuta mini su.

Baban Auta, Tsohuwar Kasuwa:
Alhamdu lillahi, Allah ya raya shi. Ni dai har yanzu da ɗana ne, sai na koma bayan wata biyu an sake dubawa kafin zuciyata ta kwanta.

Likitan Hoto:
Idan za a koma, Alhaji, to a koma wurin likitan yara ya auna nauyi ya saurari ƙirji, idan kuma har ana son sake gani, a maimaita sikanin, kada a maimaita eksire. Hajiya, ki adana hoton farko a cikin ambulan ɗinsa, a shimfiɗe, nesa da rana da zafin mota, ki tafi da shi duk ranar da aka sake neman hoton ƙirjinsa, domin kada wani ya ga inuwar nan ya ɗauka sabuwa ce. Yaya Ungozoma, ina labarin jaririnku?

Ungozoma, Wurno:
Mun iso tun daren ranar, Likita, bayan doguwar magana da kakan jaririn, wanda sai da limamin unguwa ya sa baki ya yarda a ɗaga suna. An yi sikanin an ga mahaifa, ba a ga 'ya'yan maraina ba, an ɗebi jini, kuma jiya da sodiyam ya fara sauka an riga an fara ba da magani. Ana jiran sauran gwajin da aka aika. Ragon yana nan ɗaure a gida, uwar kuma ta ce in tambaya mata, idan ta sake samun ciki, tun daga wane wata ya kamata ta fara zuwa awo a nan?